Yadda ake rubutun gyara kayanka mai sa dariya ba tare da an ci naman kowa ba

Wanga rubutu na yi shi ne domin matasanmu na Sakkwato masu hannu a rubutu, waɗanda wani hali na mutane ke ci ma tuwo a ƙwarya, suna son su taɓa shi a Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp amma ba su san ta inda za su kama ba. Abin da nike gani kullum shi ne mutum ya ɗauko sikirinshot ɗin wani ko hotonshi ya ɗora, a taru a kwamen a yi mishi wankin babban bargo, bayan kwana biyu an manta, halin yana nan daram sai dai an ƙara gaba tsakanin gida biyu. Kuma da yawa cikin masu yin haka wallahi niyyarsu gyara ce, hanyar ce ba su da ita. To akwai hanya, wasu Turawa biyu a Landan sun yi aiki da ita sama da shekara 300 da sunka wuce kuma har yau ana karanta abin da sunka rubuta, ita nike son in warware yadda mai son gwadawa zai iya farawa ko a cikin makon nan.

Mutanen su ne Richard Steele da Joseph Addison, sa'annin juna ne, duk a 1672 anka haife su, tun suna makarantar Charterhouse suke abota. Steele ya fara fitar da wata takarda mai suna The Tatler a watan Afrilun 1709, sau uku a mako, ta yi fitowa 271 kafin ta tsaya a Janairun 1711. Ranar 1 ga Maris na wannan shekarar sai su biyun sunka fara The Spectator, ita kullum take fita ban da Lahadi, har fitowa 555 zuwa Disambar 1712. Kar ka ɗauka wata babbar mujalla ce, falle ɗaya ce gaba da baya, kwabo ɗaya na kuɗinsu ake sayar da ita da farko, kuma batu ɗaya take ɗauka kowace rana. Addison da kanshi ya faɗa a fitowa ta 10 cewa ana raba kwafi 3,000 a rana, ya ƙiyasta mutum 20 ke karanta kowane ɗaya, saboda a gidajen shan gahawa ake ajiye ta inda mazan Landan ke zama suna gardamar siyasa da kasuwa, kamar dai teburin mai shayi a nan wajenmu. A wannan fitowar ce ya faɗi abin da sunka sa gaba, cewa za su raya maganar tarbiyya da raha, ita kuma rahar tarbiyya ta riƙa tauna mata tsakuwa kar ta wuce gona da iri, kuma su fito da ilimi daga ɗakunan karatu da makarantu ya zo ya zauna inda mutane ke hira.

A lokacin fa akwai masu gyaran tarbiyya ta wata hanyar. Tun shekarun 1690 anka kafa ƙungiyoyi a Landan masu baza 'yan rahoto suna kai mashaya da masu ashar da masu ciniki ranar Lahadi gaban alƙali, sun gurfanar da dubban mutane, jama'a ta tsane su, zuwa ƙarshen shekarun 1730 sun watse. Su Addison ba su kai kowa ƙara ba. So suke mutum ya karanta da safe ya yi dariya, can da rana idan ya zo yin abin sai ya tuna ya ji kunya.

Abu na farko, zaɓi ɗan ƙaramin hali ka bar manyan laifuka. Sata da zina da cin dukiyar marayu suna da malamai suna da alƙalai, kuma ba abin dariya ba ne. Filinka shi ne abubuwan da ba su kai a kai mutum kotu ba, liman ma da wuya ya ba su huɗuba guda, amma kullum suna ɓata ma mutane rai. Samuel Johnson, wanda shi ma ya yi irin wagga takarda mai suna The Rambler daga 1750 zuwa 1752, da ya zo rubuta tarihin Addison cewa ya yi kafin Tatler da Spectator Ingila ba ta da masu koyar da zaman yau da kullum, yaushe ake magana yaushe ake shiru, yaya ake ƙin abu yaya ake amsa shi. Shi ya sa za ka ga sun ba da fitowa guda ga matan da ke manna ɗan baƙin ɗigo na ado a goshi, magoya bayan wata jam'iyya a dama na ɗayar a hagu, wata fitowar a kan camfin zubewar gishiri wajen cin abinci, wata a kan yadda 'yan mata ke sarrafa mafici. Mu nan kayan aiki sun ma yi mana yawa. Mai zuwa dubiya asibiti ya zauna gefen gado yana lissafo mutanen da irin cutar ta kashe. Mai toshe ƙofar gidan mutane da mota ranar Juma'a ya yi tafiyarshi. Mai turo saƙon murya na minti tara a kan abin da layi ɗaya ya isa. Mai sa ɗan kabu-kabu ya jira shi rabin awa cikin ranar garin nan sannan ya tsaya yana ja-in-ja a kan naira hamsin. Mai cewa ga ni nan na kusa alhali ko wanka bai shiga ba. Ɗauki guda ɗaya tak, in ka haɗa uku a rubutu ɗaya ya koma ƙorafi kan zamani, kuma ƙorafi kan zamani ba wanda ke jin shi a jikinshi.

Da ka zaɓa kar ka yi saurin zama rubutu, je ka kalla tukuna. Mai magana a cikin Spectator an gina shi ne a matsayin mutum mai shiru-shiru wanda ke shiga ko'ina a Landan, gidan gahawa, kasuwar hada-hada, gidan wasan kwaikwayo, ba ya tanka ma kowa sai kallo, kuma wannan kallon shi ne jarinsu gaba ɗaya. Ce misali kana son ka taɓa yadda waya ta shiga zaman makoki. Je ka yi ta'aziyyarka tsakani da Allah ka zauna ka lura. Za ka ga mutum ya cire takalmi ya durƙusa gaban masu rashi ya ce ya haƙuri, an ɗaga hannu ana addu'a, hannunshi ɗaya na sama ɗaya na laluben aljihu saboda waya ta fara kiɗa, ya shafa da sauri-sauri ya ja jiki zuwa ƙarshen tabarma ya rufe baki da tafin hannu wai yana rage murya, alhali duk rumfar ta ji cewa buhun albasa bai kai kuɗin jiya ba. Gefenshi wani ya karkatar da waya yana neman yadda zai ɗauko fuskarshi tare da babban mutumin da ya zo gaisuwa, shi kuwa ɗan mamacin yana tsakiya ido jajir yana amsa amin amin. To wannan shi za ka rubuta in ka koma gida, hannu ɗaya sama ɗaya a aljihu, tafin hannu a baki, kuɗin albasa, jan idon ɗan mamaci. Ba sai ka ce mutane sun lalace ko tsoron Allah ya yi ƙaranci ba, mai karatu ya sha zama a irin rumfar, ƙila ma shi ya taɓa amsa irin wayar, bar shi ya faɗa ma kanshi. Duk inda ka ga ka rubuta kalma irin rashin hankali ko rashin tarbiyya ko jahilci, goge ta ka sa abin da ka gani da idonka a gurbinta.

Sai kuma wa ke magana. Kusan duk waɗannan marubutan ba su yi magana da bakinsu ba, sun ƙirƙiri wani ne ya yi. Steele a Tatler ya ari sunan Isaac Bickerstaff, wani tsohon mai duba taurari na ƙage da Jonathan Swift ya fara amfani da shi a 1708. Oliver Goldsmith a farkon shekarun 1760 ya sa wani malami ɗan ƙasar Sin ne mai suna Lien Chi Altangi yana rubuto ma mutanen gida wasiƙu kan abin mamakin da yake gani a Landan, wanda anka tara su littafi a 1762. Amfanin abin a fili yake, idan kai matashi ɗan shekara ashirin da biyar ka fito kana gyara ma dattijai zama, kafin a kai layi na uku an ce ɗan wa ne wannan, amma idan tsohon hedimasta ne mai ritaya da ke zama ƙofar gida yana kallon masu wucewa, ko baƙo ne da ya zo daga ƙauye yana rubuta ma yayanshi abin da ya gani a birni yana tambaya da zuciya ɗaya, to an ba shi kunne. Baƙon ya fi sauƙi ga mai farawa, don aikinshi kawai ya yi mamakin abin da mu munka saba da shi. Amma a kula, wanga ba lasisin buɗe akawun na bogi ba ne. Mutanen Landan sun san su wa ke bayan takardar, Addison yana sa harafi ɗaya daga C, L, I, O a ƙarshen nashi, Steele yana sa R ko T, kuma a fitowar ƙarshe Steele ya sa cikakken sunanshi. Ka ɗora a fejinka da sunanka, kowa ya san kai ka ƙirƙiri tsohon.

Yanzu ga wurin da ya fi ko'ina muhimmanci, kuma nan mafi yawanmu ke faɗuwa: dole mai karatu ya so mutumin da kake sa shi yi ma dariya. A fitowa ta 2 Steele ya gabatar da 'yan majalisar mai kallon nan, akwai attajirin ɗan kasuwa Sir Andrew Freeport, akwai tsohon soja, akwai ɗalibin lauya da ya fi son wasan kwaikwayo da karatun doka, akwai tsohon ɗan gayu Will Honeycomb, akwai malamin coci, sai kuma Sir Roger de Coverley, wani dattijon mai gonaki daga karkara wanda shi ya zama tauraron takardar. A fitowa ta 112 Addison ya nuna shi ranar Lahadi a cocin ƙauyensu. Ba ya yarda kowa ya yi gyangyaɗi lokacin wa'azi in ba shi ba, idan barci ya ɗan sace shi ya farka sai ya miƙe ya duba, duk wanda ya gani yana gyangyaɗi ya tashe shi ko ya aika bara ya tashe shi. Wani lokaci ya ce amin sau uku ko huɗu ga addu'a ɗaya, wani lokaci kowa na durƙushe shi ya miƙe yana ƙirga mutane ya ga wa bai zo ba cikin manoman da ke ƙarƙashinshi. Duk wanga son mulki ne da ganin kai sama da doka, amma a rubutu ɗayan an nuna shi ya gyara cocin da kuɗinshi, ya saya ma mutane littafin addu'a, yana tambayar lafiyar uwar wane da matar wane lokacin da yake fita bayan an tashi. Sai ka yi dariya ba tare da ka tsane shi ba, kuma saboda ba ka tsane shi ba kana iya yarda cewa kai ma kana da irin halin. Da an zana shi mugu da kowane mai gona a Ingila ya ce ai ba da ni ake ba. Kuma ka sani Addison ɗan jam'iyyar Whig ne, Sir Roger kuwa an yi shi ɗan Tory, wato abokin hamayya, amma duk da haka sai da ya sa masu karatu sunka ji mutuwar tsohon a fitowa ta 517. Akwai masu cewa wayon siyasa ne, an nuna 'yan Tory mutanen kirki ne amma ba su dace da riƙon ƙasa ba, kuma ina ganin akwai gaskiya a ciki, sai dai ko da hakan ne ya fi abin da muke yi ma juna lokacin zaɓe nesa ba kusa ba.

To kai ma haka za ka yi. Mai amsa waya a wurin makoki, nuna cewa shi ne farkon zuwa maƙabarta kuma shi ya kawo buhun ruwa. Mai dubiya mai ba da labarin matattu, nuna cewa daga Arkilla ya tako da ƙullin lemo a hannu kuma da gaske yana son maras lafiyar. In ka rasa abin kirki ko ɗaya da za ka ba shi, to alama ce akwai wani takamaiman mutum a ranka da kake jin haushi, ajiye rubutun sai ka huce.

Wanga ya kawo mu ga dokar da ni a wajena ba a taɓa ta. A fitowa ta 34 an nuna 'yan majalisar kowa yana roƙon mai kallon ya ƙyale mutanenshi, ɗan gayu ya ce a bar manyan mata, ɗan kasuwa ya ce a bar 'yan kasuwa, soja ya ce a bar sojoji, Sir Roger ya ce a bar masu gonaki, har ya ga ba wanda ya rage a taɓa, sai malamin coci ya tsaya mishi ya ce ba wani rukuni da ya fi ƙarfin nasiha. A ƙarshen wannan fitowar Addison ya yi alkawarin ba zai zana mai wani aibi ba sai in zanen ya dace da aƙalla mutum dubu. Mu ba ma sai mun je Landan neman wagga doka ba. Suratul Hujurat aya ta 11 da ta 12 sun hana izgili da jifa da sunan banza da cin naman juna, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan labarin wani ya zo mishi ba ya cewa mi ya sami wane, cewa yake mi ya sami wasu mutane suna kaza da kaza. Sai dai mu muna da wata ƙofar baya da muke bi, habaici. Mutum ba zai kama suna ba amma zai ce wani mai farar mota a wata unguwa mai mata uku da ya dawo Umra kwanan nan, duk Mabera ta san wa ake nufi, wannan bai tsallake ba, zambo ne anka sa ma riga. Ga yadda za ka gwada naka: kafin ka ɗora, ba mutum biyu 'yan unguwarku su karanta daban-daban, ka tambaye su wa sunka gani a ciki. In duk sun kira suna ɗaya, koma ka canza sana'ar da shekarun da unguwar, ka haɗo halin daga mutum huɗu ko biyar. In wannan ya ce kawuna ne sak, wancan ya ce ai ni ne, to ka samu.

Game da sifar rubutun, ba dole sai bayani miƙe ba, kuma a nan sun nuna gwaninta. A Tatler ta 116 an kafa kotu ne anka gurfanar da wani irin buje mai faɗi da matan lokacin ke sa ma ƙashin kifi da igiya a ciki don ya buɗe, wadda ke sanye da shi ta kasa shiga ta ƙofar kotun duk da an buɗe ƙyaure biyu, lauyoyi sunka tashi suna kare bujen da cewa yana raya kasuwar masu ulu da masu igiya, daga ƙarshe alƙali ya ƙwace shi ya aika ma wata bazawara mai ɗiya mata biyar a yanka musu sutura. A Spectator ta 275 mafarki ne, likitoci sun fede kan wani ɗan gayu sun tarar da ƙananan madubai da kintinkiri da wasiƙun soyayya da daɗin baki a inda ƙwaƙwalwa ya kamata ta kasance. Wadda ta fi burge ni ita ce ta 317, littafin ajiye bayanan yini na wani mai hali da ya bar aiki, ba abin da ke ciki sai na tashi ƙarfe takwas, na wanke hannu, na sha taba, na karanta jarida, na ci abinci, na yi ƙailula, na je majalisa na ji ra'ayin wane kan siyasar ƙasar waje, haka mako ya ƙare. Kana iya gwada wagga sifar da namu, kamar haka:

Litinin, ƙarfe goma na isa majalisa, an yi gardamar wa zai ci zaɓe har azahar. Bayan la'asar munka ja benci zuwa inuwa, munka tabbatar kocin ƙungiyarmu bai san aikinshi ba. Talata, kamar jiya, ƙafar benci ɗaya ta karye an sa bulo. Laraba, Inna ta aike ni sayen maganinta, na ce sai rana ta yi sanyi. Alhamis, Inna ta aiki yaron maƙwabta.

Ka lura ba inda anka ce zaman banza ba kyau, layin ƙarshe ya isa. Sirrin duk waɗannan sifofin shi ne kar mai maganar ya yi dariya, ya riƙe fuska kamar da gaske yake, ban da jera hotunan dariya a ƙarshen kowane layi. Amma in za ka yi ta majalisa ka yi hattara ƙwarai, mutumin Addison mai hali ne da ya zaɓi ɓata lokacinshi, mu kuwa da yawan masu zama benci sun gama makaranta sun nemi aiki sun rasa. Kar ka yi ma talauci dariya, ko nakasa, ko rashin haihuwa, ko rashin miji, ko wani abin da mutum ba shi ya ɗora ma kanshi ba. Abin da mutum ke iya bari gobe in ya so, shi kaɗai ne naka.

Wasu za su ce ina Swift, ai shi ya fi zafi. Gaskiya ne, a 1729 ya rubuta A Modest Proposal inda mai magana ya kawo shawara cikin natsuwa da lissafi cewa talakawan Ailan su riƙa sayar da jariransu masu kuɗi su ci, don ya nuna yadda anka mayar da mutanen ƙasar ba a bakin komai ba. Rubutu ne mai girma amma ban ba mai farawa shawarar ya bi nan ba, musamman a garinmu. Irin wanga faɗin kishiyar abin da kake nufi, layi ɗaya za a yanko a yi sikirinshot a watsa a guruf-guruf ba kai ba gindi, kafin ka yi bayani magana ta kai inda ba ka zata ba. Kuma duk abin da ya shafi alfarmar addini ba a kai raha kusa da shi sam, kana iya taɓa mai tsallake wuyan mutane ya je sahun gaba bayan ya makara, amma ibadar kanta a'a. Haka wasan ƙabila, tsakanin Bafulatani da Babarbare ko Bagobiri da Bayarabe yana tafiya ne don kowa na da bakin ramawa fuska da fuska, a intanet ba haka yake zuwa ba. Shi Swift ɗin ma da kanshi ya ce irin wanga rubutu madubi ne da kowa ke ganin fuskar kowa a ciki ban da tashi, to aikin da muke ta yi tun ɗazu na sa mai aibin ya zama abin so duk don a kauce ma wannan ne.

Akwai inda ban bin su Addison. Sun yawaita a kan mata, bujensu, maficinsu, kwalliyarsu, hirarsu, kuma sau da yawa da muryar babba mai lallashin yaro, har Swift ya gaji da abin ya yi musu tsiya a wasiƙunshi. Sai a 1744 Eliza Haywood ta fara The Female Spectator, mata na magana da mata. Mu ma cutar tana nan, da namiji ya ce zai yi rubutun gyaran hali sai ka ga lefe da anko da man bilicin da TikTok, kamar maza ba su da abin gyara. Fara da rukuninka. In kai ɗan kasuwa ne fara da 'yan kasuwa, in malamin makaranta ne fara da ofishin malamai, ka fi sanin sirrinsu kuma ba mai cewa ƙiyayya ce. 'Yan'uwa mata kuma ku ɗauki alƙalami ku yi naku, a garin da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da waƙoƙinta ba baƙon abu ba ne.

Tsawon rubutu kar ya wuce abin da mutum zai karanta kafin shayinshi ya huce. Nasiha in za ta shigo ta zo a layi biyu ko uku, kuma ta nuna abin da ya kamata a yi, misali kashe waya tun daga bakin rumfa, ba ta tsaya ga tsine ma wanda bai yi ba. Su kullum suke fitarwa amma su biyu ne kuma akwai masu taimaka musu, kai sau ɗaya a mako ya isa, ka tsayar da rana ɗaya mutane su saba. Kar kuma ka sa ran ganin canji da wuri. Steele ya yi ta yaƙi da al'adar fito-na-fito da takobi tun a Tatler, shi da kanshi ya taɓa ji ma wani mummunan rauni a irin wannan faɗan a 1700, amma al'adar ba ta mutu a Ingila ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19.

Don horar da hannu, akwai dabarar Benjamin Franklin na Amurka da ya ba da labarinta da kanshi: yana yaro ya samu wani kundi na Spectator, sai ya riƙa karanta rubutu ɗaya ya ɗan rubuta manufar kowace jimla a taƙaice, ya ajiye 'yan kwanaki, sannan ya sake gina rubutun da kalmominshi ya kwatanta da na asali ya ga inda ya gaza. Spectator tana nan kyauta a shafin littattafai na intanet mai suna Project Gutenberg, Turancin tsoho ne sai a hankali, fara da ta 2 da 34 da 112 da 317. Kai sai ka ƙara mataki ɗaya, bayan ka fahimci yadda anka gina rubutun ka rufe shi, ka gina naka da Hausa da mutanen Sakkwato, ban da fassara, don Sir Roger ba zai zauna daidai a Kanwuri ba sai dai ka nemo namu dattijon.

Bayan ka ɗora aikin bai ƙare ba. Su Addison sun dogara sosai da wasiƙun masu karatu, a 1713 ma har akwati mai kan zaki anka kafa a gidan gahawa na Button ana jefa wasiƙa ta bakinshi, kai ma buɗe inbos mutane su turo maka halayen da ke damunsu, ka cire suna da duk wata alama kafin ka yi amfani da su. A kwamen kuwa dole ka tsaya da kanka, don ba a rasa wanda zai yi tagin ɗin wani ya ce wane ga ka nan an zana ka. Goge irin wannan nan take, ka bi mai shi ta inbos ka gaya mishi cikin mutunci cewa a fejin nan ba a kama suna, in ya sake ka yi blokin ɗinshi.